Yaron Gidanmu Mai Rikoda

Kaka ce, ana tsakiyar yankan shinkafa. Shekarar ta zo mana da sauƙi bayan waɗanda suka gabace ta sun ba mu wuya. Ruwa ya hau fadamar Zauro a hankali, ya tsaya inda ake so ya tsaya, ya koma bai tafi da gonar kowa ba. Duk gidan da mutum ya shiga a Birnin Kebbi sai ya ji ƙamshin sabuwar shinkafa a tukunya, an baza shanya a tabarmi har bakin ƙofa. Mutane sun sake, ana dariya a kan abin da bai kai a yi masa dariya ba. A wancan lokacin Sakkwato ce babban birninmu, duk takardar da ke da nauyi can take zuwa, can take fitowa. Ni kuma a shekarar ce na shiga aji biyu na yaƙi da jahilci, da 'ya'yana shida, ina koyon rubuta "kifi" a inda bakina ke cewa "kihi".

Babban ɗana ya ɗan haura shekara ashirin. Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba. Haka muka tarar ana yi, haka aka yi da mu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta kuma nuna wa mutane cewa nata ne. Ana yaye shi gwaggonsa ta ɗauke shi zuwa gidanta a unguwar Badariya, bai dawo wurinmu ba sai da ya gama firamare. Ita yake kira Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, don abin da ya ji ƙannena suna kirana ke nan. Maganarmu da shi ba ta wuce ta a tsaye. In ya shigo in ce, "An dawo?" ya ce, "An dawo." In ce a ci abinci kafin ya huce, ya ce to. Ina duban murhu, yana duban takalminsa. Mun yi shekaru a haka, kuma ba na jin akwai ranar da bai san inda zuciyata take ba.

Aikin koyarwa yake yi a wata firamare, amma hankalinsa na wurin kiɗa. Farkon abin da ya saya da ya fara aiki rikoda ce, baƙa, mai marataya. Da ita yake zuwa gidan suna da gidan biki, da filin kokawa, da gayyar noma. Ba rawa ke kai shi ba. Sai a tashi ya bi makaɗa inuwa, yana tambayarsu fatar me aka rufe kalangu da ita, wa ya koya musu, me ya sa ake canza kiɗa in wane ya shigo fili. Ya dawo ya cika littafin rubutu, ya kwafe a takarda mai kyau, ya ba direbobin Sakkwato su kai ofishin wata jaridar Hausa da ke fitowa mako-mako. Sau biyu aka buga masa, layi kaɗan a gefen shafi, ba a ko sa sunansa ba. Bai ce mini komai ba. Sai dai na ga jarida a kan murfin randa, an naɗe ta yadda wurin zai kasance a sama. Na bi ta da yatsa kwana biyu kafin in kai ƙarshe, na mayar da ita inda na ɗauka.

Malam, mai gidanmu, ba mutum ne mai faɗa ba. Da safe yana ba da karatu a zaure, da rani yana fataucin albasa, da damina yana fadama. Amma an fara tare shi a ƙofar masallaci ana ce masa an ga ɗansa yana riƙe wa makaɗa ganga, ɗan gidan karatu guda. Ya kira shi zaure wata ranar Laraba bayan la'asar, ni kuma ina tsintar shinkafa a bayan bango, ba don in ji ba, wurin ne ke da inuwa. Ya ce masa shi bai hana shi aiki ba, in aiki ne. In kuwa yawon biki ne aka sa wa suna aiki, to ya isa haka. Ya ba shi daga ranar zuwa ranar da za a rufe rumbu. In jaridar ta ɗauke shi a kan ma'aikacinta, ya ci gaba. In ba ta ɗauke shi ba, ya ajiye rikodar ya riƙe allinsa. A cikin makon nan kuma wasiƙar editan ta zo. Ya ce manyan mawaƙa kowa ya rubuta su har an gaji, in yana son a ba shi fili duk mako da sunansa a kai, ya kawo abin da ba a taɓa bugawa ba.

Kwana uku bayan haka ina sheƙar shinkafa a tsakar gida, ina waƙa ƙasa-ƙasa ban ma san ina yi ba. Na ga inuwar mutum ta tsaya a bayana.

"Yaya, wagga waƙa ina kinka same ta?"

Na ba faifai amsa, ban juyo ba. Na ce ta matan garinmu Argungu ce, ta daɓe da niƙa, kuma a duk waɗanda suka san ta da kyau mutum ɗaya ta rage, wata tsohuwa ƙawar mahaifiyata. Daga Gulma aka kawo ta aure, tun ina goye take yi wa mata kiɗan ƙwarya in ana daɓen ɗakin amarya ko an gama yankan shinkafa. Na kwatanta gidan, bayan masu ƙyafe kifi, gida mai durumi a ƙofa. Ban ɗaga kai ba har inuwar ta tafi.

Ranar Asabar ya je, ya dawo kafin magariba. Na ce an dawo, ya ce an dawo. Da na je ɗaukar kwanonsa na tarar bai taɓa tuwon ba. Gwaggonsa ce ta zo washegari ta ba ni labarin, don ita yake faɗa wa komai. Ashe tsohuwar ta bar shi a tsugune a ƙofar ɗakinta, ta tambaye shi ɗan wa ne. Ya faɗi sunan Malam, ta ce ita ba ta san malaman Birnin Kebbi ba, su ma ba su san ta ba. Ta tambayi uwarsa, shi kuma bakinsa ya yi nauyi, ya ce 'yar garin nan ce. Ta ce garin nan mata sun fi kifi yawa. Ta gaya masa wasu sun taɓa zuwa da irin akwatin nan nasa, suka ɗauki muryarta, bayan wata biyu jikokinta suka ji ta tana tashi a rumfar mai kaset a tasha, wai waƙar matan wani gari ce can daban. Tun ranar ta rantse a gaban matan gidan ba ta sake buɗe baki a gaban akwati. Gwaggon ta dube ni ta ce, "Ke kinka tura shi, ke kinka san ta. Shinkafar Malam saura kaɗan ta shiga rumbu. Ki yi ta kunyarki."

Na yini ina juya abin. Da Malam ya shigo na ce masa ina son zuwa Argungu in gaida matar yayana, an ce ƙafarta ta kumbura. Gaskiya ne ƙafar ta kumbura, amma tun watan jiya ta saɓe. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce motar safe ta fi, kuma bai kamata in tafi ni kaɗai ba, a samu wanda zai raka ni.

A mota ya zauna gaba kusa da direba, rikodar a cinyarsa, ni ina can baya cikin mata da kwandunansu. Duk hanya fadama ce ta yi ruwan zinariya, ana ta yanka, ana ɗaura dammuna a kan jakuna. Wata mata da ke kusa da ni ta nuna shi da baki ta ce wancan ɗan bokon mai akwati ko ɗan gidan rediyo ne. Na ce mata haka na ji ana faɗa. Da muka sauka ya wuce gaba da taku goma, ni ina biye, kamar waɗanda hanya ta haɗa.

Mun tarar da tsohuwar a gindin durumi tana gyaran kifi, mata huɗu ko biyar na gidan suna kewaye da ita, kowa da aikinta. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta, ta ƙanƙance, amma muryar tana nan. Ta gane ni tun kafin in gama sallama. Ta kama hannuna da hannunta mai ƙarnin kifi, tana ce mini ɗiyar ƙawarta, tana tambayar Malam da yara da shinkafar bana. Na durƙusa na gaishe ta, Inna nake ce mata tun ina ƙarama. Shi kuma ya tsuguna can nesa kusa da turmi. Sai da muka gama gaisuwa tsaf, aka kawo mini ruwa na sha, sannan ta karkata kai ta dube shi.

"Wanga mai akwati ya dawo. Tare kuke?"

Na ce tare muke.

"Ɗan wa na?"

Na ce, "Yaron gidanmu na, Inna."

Ta ajiye wuƙar. Ta ce yaron gida iri-iri ne, akwai mai kai jaki fadama, akwai ɗan haya, wanne ne a ciki? Matan suka fara murmushi. Na ce ɗan Malam ne. Ta ce wannan ya gaya mata tun makon jiya, Malam shi kaɗai ya haife shi? Na ce gwaggonsa ce ta rene shi a Badariya. Ta ce ita ba reno ta tambaya ba. Wata daga cikin matan ta ce, "Haba Inna, ki bar ta mana, kin san ɗan hwari na." Ta ce ita ba ta san komai ba, tsohuwa ce, idonta ba ya gani.

Ta sani sarai. Kamannin mahaifiyata suna nan a goshinsa, kowa ya gani. Da farko na ɗauka tsokana ce irin tasu ta mawaƙa, waɗanda ba ruwansu da kunyar kowa. Amma sai ta gyara zama, ta daina dariya. Ta ce waƙoƙin nan da ake bi ta ana nema ba nata ba ne ita kaɗai. Ita da mahaifiyata suka yi su a kan dutsen niƙa ɗaya, suna amare, ɗaya ta kawo baiti ɗaya ta ƙarasa. Rabi nata ne, rabi na marigayiya. Ta riga ta rantse a gaban matan nan ba ta ba baƙo. Amma in jikan ƙawarta ne ya zo karɓar abin kakarsa, wannan gado ne, rantsuwarta ba ta hau kansa ba. Sai dai yadda ta rantse a gabansu, haka take so a faɗa a gabansu, daga bakin da ya san gaskiyar.

Wanda bai tashi a cikin abin ba zai ce magana ce ta kalma uku. Ni kuwa shekara ashirin da wani abu ina kewaye ta, har bakina ya manta hanyarta. Da aka kai shi asibiti yana yaro, gwaggonsa ce ta ce ita ce uwar, ina tsaye a gefe da zanen goyo a hannu. Sai wata dabara ta zo mini. Na miƙa hannu ba tare da na dube shi ba na ce a ba ni biro da takarda. Aka sa mini su a hannu. Na ɗora takardar a gwiwa, na rubuta a hankali yadda malamarmu ta koya mana, na sa ƙugiyar a kan harafin farko da kyau: ɗana ne. Na miƙa mata.

Ta karɓa ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta kai ta kusa da hanci. Ta ce kaza ta bi ta kan takardar nan da ƙafa jiƙaƙƙiya. Ta nuna wa matan, babu mai karatun boko a cikinsu, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ni ban yi yaƙi da kowa ba, ɗiyata, bale jahilci. Zaman lahiya muke yi da shi." Ta ajiye takardar a kan kwandon kifi.

Can na ji ƙarar zif. Na saci kallo, na ga yana mayar da kaset da wayoyinsa cikin jaka. Ya matso kaɗan, ya durƙusa a gabanta, ya ce ya gode, Allah ya ƙara girma, shi zai nemi wani abin ya rubuta, a bar Yaya ta huta. Na san ba shi da wani abin, na kuma san rumbu saura kwana nawa. Ya rataya jakar ya miƙe.

Na dubi ƙasa, inda ɓawon kifi ke ƙyalli a cikin yashi.

"Ni na haihe shi, Inna. Shi na na hwari."

Ban san ko ta fita da ƙarfi ba. Na dai san ya tsaya cak, bai juyo ba, ni ma ban ɗago ba. Matan suka daina dariya. Tsohuwar ta ɗauki wuƙarta ta goge a zane, ta ce wa wata ta ɗauko ƙwarya da kwano babba, a cika shi da ruwa. Sannan ta dube shi ta ce, "To miji, dawo ka zauna. Ka zo zance ba ko goro, ga ka baƙi, ga akwati. Haka nan zan yi haƙuri da kai." Ya yi dariya, ya ce ai amaryar ma ba haƙora. Ta ce haƙoran da suka zube sun fi albashinsa daraja. Daga nan suka ƙulle, jika da kaka, kamar sun shekara tare.

Aka kife ƙwarya a kan ruwa, ta karɓi 'yan sanduna biyu. Ya ajiye rikodar a kan turmin da aka kifar, ya ce a yi shiru, sai akuya ta yi kuka. Ya mayar ya sake, ta ce in yana jiran akuyar gidan nan ta yi shiru sai ya kwana. Ta fara da waƙar daɓe, matan suna amshi suna buga ƙasa da tafin hannu a madadin madaɓi. Tun ina ƙarama rabona da jin ta cikakkiya. Ana tsakiyar ta uku kaset ya ƙare, ya ce ta ɗan dakata ya juya. Ta ji haushi ƙwarai, ta ce ita ba a taɓa tsayar da ita a tsakiyar waƙa ba, ko mijinta bai yi ba. Sai da ta koma daga farko.

Tsakanin waƙa da waƙa yana tambaya, a nan na ga aikin nasa da idona. Ba ya katse ta. In ta kauce ta shiga labarin wata da ta ci mata bashin gishiri tun zamanin da, sai ya bar ta ta gama, sannan ya jawo ta a hankali: to wannan baitin na mai jirgin da ya ƙi tsallakar da mata, wa ya fara kawo shi? Ta ce kakarka. Na wanda ya auri mace don gonar ubanta fa? Ta ce kakarka. Ashe duk habaicin da ya fi yaji na mahaifiyata ne, matar da na sani ba ta ɗaga murya ko a kan kaza. Ta ce marigayiya takan raɗa mata baitin a kunne, ita kuma ta ɗaga shi a gaban jama'a, zagin ya dawo kanta. Na rufe baki da mayafi ina dariya, hawaye na zuba. Kafin mu tafi ya nemo mai hoto daga kasuwa. Ta sa aka ɗauko mata zanen sallarta, ta ƙi yarda a ɗauke ta sai da ƙwaryar a gabanta. Ta kuma kafa masa sharaɗi, ya rubuta garin, ya rubuta su biyu suka yi, kuma ya bar kalmominta yadda suka fito daga bakinta, kada ya mayar mata da su Hausar makaranta.

A mota muka koma yadda muka zo, shi gaba ni baya. Matar yayana ban je wurinta ba sai a tsaitsaye.

Kwafe waƙoƙin ya fi ɗaukarsu wuya. Kwana huɗu in ya dawo daga makaranta sai ya shige ɗakinsa na kusa da zaure, ya yi ta kunnawa yana mayarwa. Akwai kalmomin da 'yan zamaninsa ba su taɓa ji ba, sunayen shinkafar da aka daina shukawa, da kayan ɗakin amaren da. Na lura in ya maƙale sai ya yi ta maimaita wuri ɗaya, sau biyar sau shida, yana ƙara murya. Sai na ɗauko faifaina na zauna a bayan tagarsa. In ya maimaita wuri, in faɗi kalmar a fili kamar mai magana da kanta, in faɗi abin da ake nufi da ita. Sai in ji rikodar ta yi shiru, biro yana tafiya. Sau ɗaya na yi kuskure, ya sake kunna wurin a hankali har na ji da kyau, na gyara. Da haka muka gama. Ya ba direban Sakkwato ambulan ranar Alhamis, da hoton a ciki.

Mako na farko jarida ta zo babu komai. Malam ya kawo dammunan ƙarshe daga fadama, aka fara sussuka. Ban taɓa jan aiki da gangan ba sai a wannan makon. Na ce shinkafar ba ta bushe ba, a ƙara mata rana biyu. Malam ya ɗebo ya ciza, ta yi ƙaras a haƙorinsa, ya ce lalle da sauranta.

Mako na biyu ta fito. Rabin shafi, da hoton tsohuwar da ƙwaryarta, da sunansa a ƙarƙashin kanun. Ba su taɓa mata kalma ko ɗaya ba, har ma sun sa ɗan bayani a ƙasa cewa haka ake faɗa a ƙasar Kabi. Tare da jaridar direban ya kawo wasiƙa, an ba shi filin duk mako, ana son ya je Sakkwato ya karɓi katinsa. Wannan karon ba a kan randa ya ajiye ba, ya kai wa Malam zaure. Malam ya sa tabarau ya karanta tun daga sama har ƙasa. Can ya ce akwai wuri ɗaya da aka ce ana daɓe da damina, ba a daɓe da damina, a riƙa tambaya kafin a rubuta. Sannan ya ce in zai je Sakkwato ya tafi da babbar rigarsa mai ruwan toka, kada ya shiga ofishin mutane kamar ɗan amshi.

Daga wannan filin ne komai ya biyo. Ya yi shekaru yana rubutu a kan masu kalangu da masu goge da 'yan kama, ya shiga masu wasan kwaikwayo, daga baya har aka riƙa kiransa gidan rediyo. Mawaƙan da ba sa yarda da 'yan jarida sukan ce a kira musu shi, don ba ya sa musu magana a baki. Amma a ranar duk ba mu san wannan ba. Abin da na sani shi ne da yamma gwaggonsa ta zo da guɗarta, ta rungume shi a tsakar gida, ni ina bakin murhu ina ƙara itacen da wutar ba ta buƙata. Na ji yana ce mata murnar tasa rabi ce, don filin duk mako ne, kuma editan ya ce irin wannan yake so, na cikin gidaje, wanda maza ba sa kai wa gare shi. Ya ce shi bai san ƙofar da zai buga ba mako mai zuwa.

Washegari da na gama ɗumame na share tsakar gida, na zuba sabuwar shinkafa a ƙaramin kwano na rufe da faifai. A lungunmu akwai surukar wani mai ɗinki, dattijiya mai yawan tasbihi, wadda ba wanda zai ce ta taɓa riƙe shantu. Ni na san ta riƙe, na ga yadda yatsunta ke motsi a cinya in ana biki a maƙwabta. Na yafa mayafi na gaya wa Malam zan shiga nan kusa, na je na yi mata sallama tun rana ba ta yi zafi ba.